Ciyawar Teku: Yadda Take Fama da Gurɓacewar Ruwa da Tsaminsa

1.0 Gabatarwa

A bakin teku, inda zurfin ruwa bai kai ya hana hasken rana isa ƙasa ba, akwai waɗansu makiyayai shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa, waɗanda mai tsayuwa a kan tudu ba ya ganinsu. Ciyawa ce ke tsirowa a wurin, kore shar, igiyar ruwa tana kaɗa ta kamar yadda iska ke kaɗa gamba. Kifi da jatan lande suna hayayyafa a cikinta, kififiya da ayu suna kiwo a kanta, saiwoyinta kuma suna riƙe yashin gaɓa kada ruwa ya tafi da shi.

Wannan ciyawa ta daɗe tana ja da baya. Wani nazari da Michelle Waycott da abokan aikinta suka buga a 2009 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 na filin da aka san ta rufe ya salwanta tun daga 1879, kuma tsakanin 1980 da lokacin nazarin an yi ta asarar kimanin murabba'in kilomita 110 a kowace shekara. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke faruwa a jikin ciyawar idan muhallinta ya canza, musamman ta fuskar ƙazantar ruwa, da tsaminsa, da zafinsa. Za a ga cewa duk waɗannan masifu ta ƙofa ɗaya suke shigar mata, watau ta hanyar ɓata lissafin da ke tsakanin abincin da take haɗawa da hasken rana da wanda take ci don ta rayu.

2.0 Mece Ce Ciyawar Teku?

Ya kamata tun da farko a bambance ta da gansakuka. Gansakuka, ko ta kududdufi ko manyan irinta da ke girma a jikin duwatsun teku, ba ta da saiwa, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Ciyawar teku kuwa cikakken tsiro ce, tana da saiwa da kara da ganye, tana fure a ƙarƙashin ruwa, ruwa ne kuma yake kai mata garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan. Kakanninta a kan tudu suke, suka koma teku kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Ire-irenta kimanin 60 zuwa 70 ne, amma ana samunsu a gaɓar kowace nahiya in ban da Antatika.

Karanta a kwance yake cikin yashi ko laka, yana yaɗo kamar na kiri-kiri, yana fid da saiwa ƙasa da ganye sama a kowace gaɓa. Saboda haka tsiro ɗaya yana iya mamaye fili mai faɗin gaske. A 2022 masana suka gano cewa wata ciyawa mai suna Posidonia australis da ke mashigin Shark Bay, a yammacin Ostareliya, tsiro ɗaya ne ya yaɗu har tsawon kilomita 180, kuma an ƙiyasta shekarunsa sun kai 4,500.

Amfaninta ga ɗan Adam tsoho ne. Mutanen Seri na arewa maso yammacin Meksiko suna girbin 'ya'yanta su niƙa su yi gari, a tsibirin Læsø na Denmak kuma da busasshiyarta ake yi wa ɗakuna jinka. A zamanin nan an gane cewa ko da yake filin da ta rufe bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, an ƙiyasta tana binne kimanin kashi 10 cikin 100 na sinadarin kabon da teku ke binnewa a kowace shekara. Domin jawo hankali ga darajarta ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 1 ga Maris, bisa shawarar da ta zartar a 2022.

3.0 Rumbu da Numfashi

Kafin a fahimci yadda ciyawar ke amsa wahala, dole a san abubuwa biyu game da ƙirar jikinta.

Na farko, ganyenta ne kaɗai ke haɗa abinci. Yana amfani da hasken rana ya haɗa ruwa da iskar kabon, watau iskar da mutum ke fitarwa idan ya yi numfashi, wadda kuma ke fita daga duk abin da aka ƙona, ya mai da su sukari. Rarar sukarin ana kai ta cikin kwantaccen kara a ajiye, kamar yadda manomi ke zuba hatsi a rumbu. Amma rabin jikin ciyawar, wani lokaci fiye da haka, a binne yake, ba ya ganin rana, ci kawai yake yi. Gida ne mai bakuna da yawa da hannayen noma kaɗan. Wannan shi ya sa ciyawar teku take bukatar haske fiye da yawancin tsirrai: sai aƙalla kashi 10 cikin 100 na hasken da ke faɗowa bisa ruwa ya iso gare ta, waɗansu ire-iren ma sai kashi 20 ko fiye, alhali gansakuka tana iya rayuwa da kashi 1 ko ƙasa da haka.

Na biyu, lakar da saiwar ke ciki ba ta da iskar oksijin. Ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da tarkace a cikin irin wannan laka suna fid da wata guba da ake kira salfayid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda duk wanda ya tona baƙar laka ya san ta. Ciyawar tana da waɗansu ƙananan hanyoyin iska a cikin jikinta, daga ganye har saiwa. Oksijin ɗin da ganye ya samar da rana yana bin waɗannan hanyoyi ya sauka, saiwa ta yi numfashi da shi, ragowar kuma ya tsiyaye cikin lakar da ke kewaye da ita ya karya gubar. Da dare kuwa ganye yana zuƙo oksijin daga ruwa ya aika ƙasa.

Ke nan haske yana yi wa ciyawar aiki biyu: yana cika rumbu, yana kuma tsare saiwa daga guba. Duk abin da ya rage haske, ko ya ƙara ci, ko ya ƙara guba, ya taɓa ranta.

4.0 Gurɓacewar Ruwa

4.1 Taki

Mafi ɓarna cikin abubuwan da ke gurɓata ruwan gaɓa shi ne wanda a gona alheri ne, watau taki. Sinadaran naitirojin da fosfaras suna gangarowa teku daga takin zamani da ruwan sama ya wanke, da ruwan kwata da na bahaya na birane, da wuraren kiwon kifi. Ciyawar teku ta saba da ruwa maras taki, tana jawo bukatarta daga laka sannu a hankali. Gansakuka kuwa da ta sami taki sai ta bunƙasa cikin 'yan kwanaki. Ƙananan irinta masu yawo a ruwa suna mai da shi kore kamar miyar kuka, masu manne wa ganye suna lulluɓe shi, manya kuma suna kwantawa a kan makiyayar kamar tabarma.

Amsar da ciyawar ke bayarwa tana tafiya daki-daki. Da farko tana ƙara koren sinadarin da ke kama haske a ganyenta, don ta ci moriyar ɗan abin da ya iso. In duhu ya ci gaba sai ta rage girma, ta fara cin abin da ke rumbu. Bayan haka sai ta zubar da ganye, ta bar waɗansu rassa su mutu don saura su rayu, makiyayar ta yi sharara. Gefen da ya fi zurfi shi ke fara mutuwa, domin can ne haske ya fi ƙaranci. Ana cikin haka gansakukar da ta mutu tana nutsewa tana ruɓewa, tana cinye oksijin na ruwa, tana ƙara salfayid a laka, a daidai lokacin da ciyawar ba ta da ƙarfin aika oksijin ƙasa. Da gubar ta shiga saiwa ta kai ga idon da sabon ganye ke tohowa, tsiron ya mutu.

Misalai suna da yawa. A Cockburn Sound, kusa da birnin Perth na Ostareliya, makiyayar ta ragu daga kimanin hekta 4,200 a 1954 zuwa kimanin 900 a 1978, bayan an kafa masana'antu a gaɓar suna zuba ruwa mai naitirojin. A Mar Menor, wani tafkin ruwan gishiri da ke kudu maso gabashin Sifen, takin gonakin noman rani ya yi shekaru da yawa yana malalowa ba a ga wata ɓarna a fili ba. A 2016 ruwan ya rikiɗe ya yi kore, kimanin kashi 85 cikin 100 na tsirran ƙasan tafkin suka mutu, kifi kuma ya yi ta mutuwa tuli a 2019 da 2021.

Asarar ba ta tsayawa ga ciyawa. A tafkin Indian River da ke gabashin jihar Fulorida ta Amurka, gansakuka ta yi ta bunƙasa tun daga 2011 har ta ƙarar da yawancin makiyayar. Ayun wannan yanki, ɗan'uwan wanda masunta suka sani a kogin Kwara da Binuwai, da ita ya dogara. A 2021 ayu kimanin 1,100 suka mutu a jihar, da yawansu saboda yunwa, har hukuma ta kai ga zuba musu ganyen latas a ruwa a lokacin sanyi.

4.2 Laka

Zaizayar ƙasa, da sare itatuwa, da yashe tashoshin jiragen ruwa, duk suna dama ruwa su hana haske wucewa, wani lokaci ma su binne ciyawar. A 1992 ambaliya biyu da guguwa ɗaya suka auka wa Hervey Bay a gabashin Ostareliya, aka rasa kimanin murabba'in kilomita 1,000 na ciyawa, dugon kuma, wanda shi ma dangin ayu ne, waɗansu suka mutu waɗansu suka yi ƙaura.

A nan ire-iren ciyawar sun kasu biyu. Ƙanana, irin su Halophila, rumbunsu ƙarami ne, makonni kaɗan na duhu sun isa su kashe su, amma suna barin iri a cikin yashi, da ruwa ya washe sai su sake tsirowa. Manya, irin su Posidonia, suna iya jure watanni, amma in sun mutu dawowarsu aiki ne ja. Posidonia oceanica ta Bahar Rum ba ta wuce 'yan santimita kaɗan a shekara wajen yaɗo. Ramin da angar jirgi ta ɓarke a cikinta da yamma ɗaya yana iya cin shekaru masu yawa bai rufe ba.

4.3 Guba

Maganin kashe ciyawa da ake fesawa a gona ba ya bambance ciyawar tudu da ta ruwa. Wani mai suna diuron, wanda aka samu a ruwan gaɓar Queensland inda ake noman rake, yana tsai da aikin haɗa abinci a cikin ganye. Tasirinsa daidai yake da na duhu, ko da rana tana tsaka. Su kuwa ƙarafa masu guba, kamar darma da zaiba da tagulla, ciyawar tana tara su a jikinta. Wannan ya sa masana suke auna ganye da karan Posidonia don sanin ƙazantar ruwan Bahar Rum. Gindin tsofaffin ganyayenta yana zama a jikin kara shekara da shekaru, ana iya ƙirga shi a san na wace shekara ne, ta haka ake karanta tarihin gurɓacewar wuri.

5.0 Tsamin Teku

5.1 Ma'anarsa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, haka kuwa abin yake a teku. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon da ke sararin sama kashi 280 ce cikin miliyan, a 2023 ta kai kimanin 420, saboda ƙona kwal da man fetur da gas da sare dazuzzuka. Teku yana shanye kimanin rubu'in abin da ake fitarwa. Idan iskar ta narke a ruwa sai ta zama wani tsami mai rauni.

Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Bakwai ita ce tsakiya, ƙasa da ita ɓangaren tsamiya da lemon tsami ne, sama da ita kuma ɓangaren kanwa da toka. Ruwan teku a ɓangaren kanwa yake. Da can yana kan 8.2, yanzu yana kan 8.1. Saboda haka idan an ce teku yana tsami, ana nufin kanwarsa ce ke raguwa, kamar yadda tsamiya ke kashe kanwa a kunu. Ragin kashi ɗaya cikin goma yana da kamar ba kome ba ne, amma a tsarin wannan ma'auni daidai yake da ƙarin tsami na kashi 26 zuwa 30 cikin 100. In hayaƙin ya ci gaba da ƙaruwa ana tsammanin ma'aunin zai sauka zuwa wajen 7.8 a ƙarshen wannan ƙarni.

5.2 Ribar da ciyawar ke samu

Ga halittu masu gina ɓawo da alli, kamar murjani da katantanwar teku, wannan mugun labari ne, domin ginin yana ƙara wuya, wanda aka riga aka gina kuma yana iya narkewa. Ga ciyawar teku lamarin ya sha bamban. Kimanin kashi 90 cikin 100 na kabon ɗin da ke narke a teku yana cikin siffar baikabonet ne, irin wanda ke cikin kanwa, tsantsar iskar kuwa ba ta kai kashi 1 ba. Gansakuka ta ƙware wajen amfani da baikabonet. Ita ciyawa, da yake asalinta na tudu ne, ba ta kai ta ƙwarewa ba, kullum a takure take. Ƙarin iskar kabon a ruwa ƙarin abinci ne a gare ta.

Akwai wuraren da Allah ya shirya gwajin da kansa. A gaɓar tsibirin Ischia na Italiya iskar kabon tana ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku saboda aikin duwatsu masu aman wuta, har ruwan wurin ya kai tsamin da ake tsammani nan gaba, ya ma wuce. A 2008 Jason Hall-Spencer da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa kusa da maɓuɓɓugan Posidonia ta fi kauri, ta fi yabanya inda ma'aunin yake wajen 7.6, alhali halittu masu ɓawo sun ragu ko sun ɓace, ɓawon waɗansu yana zagwanyewa. An ga irin wannan a 2011 a Milne Bay ta ƙasar Papua New Guinea: ire-iren murjani sun ragu, ciyawa ta ƙaru.

5.3 Iyakar ribar

Ribar nan tana da sharaɗi, tana kuma da farashi. Gwajin da Richard Zimmerman da abokan aikinsa suka yi a Kalifoniya da ciyawar Zostera marina ya nuna cewa ƙarin kabon yana ƙara yawan rassa da ajiyar sukari idan haske ya wadata, amma inda haske ya yi ƙaranci bai tsinana kome ba. Tara wa mai girki hatsi ba shi da amfani in babu wuta a murhu. A wani gwajin da aka yi cikin teku a kudancin Faransa, aka killace Posidonia aka ƙara wa ruwanta tsami na tsawon watanni, ba a ga wani canji na a zo a gani a girmanta ba. Watau ire-iren ba amsa ɗaya suke bayarwa ba.

Har wa yau, a tsibirin Vulcano na Italiya an gano a 2012 cewa ciyawar Cymodocea nodosa da ke kusa da maɓuɓɓugan kabon ta rage waɗansu sinadarai masu bauri da take kare kanta da su, masu kiwo kuma sun fi cinta. Bugu da ƙari, tsami yana kawar da gansakuka mai alli wadda ke yin siririn ɓawo a kan ganye, ya bar fili ga mai laushi, wadda ta fi saurin girma, ta fi kuma tare haske, musamman a ruwa mai taki. Ƙananan katantanwa da ke lashe wannan gansakuka daga kan ganye suna cikin waɗanda tsami ke cutarwa.

5.4 Ciyawa a matsayin kanwa

Da rana makiyaya tana zuƙe iskar kabon daga ruwan da ke kanta, sai tsaminsa ya ragu. Da dare tana mayar da wani sashe ta hanyar numfashi. Wani nazari da aka buga a 2021, na makiyayai bakwai a gaɓar Kalifoniya, ya tarar cewa a mafi yawan lokaci ruwan cikin ciyawa ya fi na waje ƙarancin tsami, wani lokaci da kashi 30 cikin 100. Wannan ba zai gyara teku baki ɗaya ba, amma yana iya zama mafaka ga halittu masu ɓawo da ke zaune kusa. In ciyawar ta mutu mafakar ta tafi.

6.0 Zafi da Haɗuwar Masifu

Iskar da ke tsamar da teku ita ce kuma ke ɗumama shi, don haka ba a raba su. Idan ruwa ya yi zafi numfashin ciyawa yana ƙaruwa fiye da haɗa abincinta, rumbu ya riƙa ƙarewa ko da haske bai ragu ba. Ruwa mai zafi kuma oksijin kaɗan yake riƙewa, bakteriyar laka tana ƙara fid da guba. A tsibiran Baleyar na Sifen an lura cewa mutuwar rassan Posidonia ta ƙaru sosai a shekarun 2003 da 2006, lokacin da zafin ruwa ya zarce digiri 28. A Shark Bay zafin da ya auku a ƙarshen 2010 da farkon 2011, wanda ya ɗara na al'ada da digiri 2 zuwa 4, ya haɗu da ambaliya mai laka, aka rasa fiye da murabba'in kilomita 1,000 na ciyawa. Kabon ɗin da ta daɗe tana binnewa ya fara komawa sama, an ƙiyasta iskar kabon da ta fita ta kai tan miliyan 2 zuwa 9.

A mashigin Florida Bay abubuwa uku ne suka taru a 1987, suka sake taruwa a 2015: ƙarancin ruwan daɗi ya ƙara gishiri, zafi ya tsananta, iska ta kwanta. Da dare oksijin ya ƙare a ruwa, salfayid ta shiga ciyawar Thalassia, dubban hektoci suka mutu.

Nahiyar Afirka ta ba da misali mai koyarwa. A Banc d'Arguin na gaɓar Muritaniya, inda masuntan Imraguen ke zaune, akwai wata 'yar halitta mai ɓawo biyu irin makankari da ke zaune a tsakanin saiwoyin ciyawa. A jikinta akwai bakteriya mai cin salfayid. Ciyawa tana ba ta oksijin da tarkace, ita kuma tana share mata guba, kamar yadda Tjisse van der Heide da abokan aikinsa suka bayyana a 2012. Da fari da zafi suka tsananta a 2011, ciyawar da ke bayyana a fili idan ruwa ya janye ta bushe ta raunana, makankarin ya ragu, guba ta taru, mutuwar ta ƙara sauri. Masifa ɗaya ta tsinke zumunci, tsinkewar zumuncin ta haifi ta biyu.

7.0 Dalilin Faɗuwa Farat Ɗaya

Makiyaya lafiyayya ita ke gyara wa kanta muhalli. Ganyenta yana rage gudun ruwa, laka ta kwanta, ruwa ya washe, haske ya ƙaru. Tana shanye taki kafin gansakuka ta samu, tana kuma ba masu lashe gansakuka wurin zama. Saboda haka tana iya ɗaukar wahala shekara da shekaru, mai kallo daga sama yana ganin kore yana tsammanin lafiya lau, alhali rumbu yana ƙarewa a ƙasa. Da ta yi sharara ta wuce wani ƙadami, sai abin ya juya: igiyar ruwa ta tayar da laka, duhu ya ƙaru, saura su mutu. Ko an kawar da abin da ya jawo ɓarnar, fili maras ciyawa yana iya zama a dame, irin da ya faɗa cikinsa ba ya kamawa.

Wannan ne ya sa masana ba sa dogara ga faɗin makiyaya kaɗai. Suna auna sukarin da ke cikin kara, da yawan naitirojin a ganye, da yawan rassa a murabba'in mita, da zurfin da ciyawar ta tsaya. Waɗannan alamu suna canzawa tun kafin ɓarna ta fito fili.

8.0 Farfaɗowa

Tarihi ya nuna cewa ciyawar tana dawowa in an biya mata bukata. A Tampa Bay ta Fulorida makiyayar ta ragu daga kimanin hekta 16,000 a 1950 zuwa ƙasa da 9,000 a 1982. Aka tilasta tace ruwan kwata kafin a sake shi, naitirojin ya ragu, ruwa ya washe, a 2016 ciyawar ta zarce faɗinta na 1950, kuma yawancinta da kanta ta dawo. Sai dai daga baya ta sake raguwa zuwa kimanin hekta 12,000 a 2022, abin da ke nuna cewa gyaran yana bukatar tsaro kullum.

A gaɓar jihar Bajiniya matsalar dabam ce. A farkon shekarun 1930 wata cuta ta kashe kimanin kashi 90 cikin 100 na Zostera marina a gaɓoɓin arewacin Tekun Atalantika, guguwar 1933 kuma ta ƙarasa ta wannan yanki. Ruwan wurin mai tsabta ne, amma kusan shekara 70 ciyawar ba ta dawo ba, don babu iri. Daga 1999 Robert Orth da abokan aikinsa suka fara watsa iri, har ya haura miliyan 70, kuma a rahotonsu na 2020 ciyawar ta rufe hekta 3,600 da ɗoriya.

A Elkhorn Slough na Kalifoniya kuwa, ruwa mai taki da yawa, taimakon ya zo ta inda ba a zata ba. Karen ruwa ya dawo wurin a 1984 ya riƙa cin ƙaguwa. Da ƙaguwa ta ragu, ƙananan halittun da take ci, masu lashe gansakuka, suka yawaita suka wanke ganyen ciyawa, makiyayar ta faɗaɗa.

9.0 Kammalawa

An ga cewa rayuwar ciyawar teku ta rataya ne a kan haske, wanda ke cika mata rumbu, yake kuma tsare saiwarta daga gubar laka. Taki da laka suna tare hasken, maganin ciyawa yana hana ta amfani da shi, zafi yana ƙara mata ci. Tsami shi kaɗai yana iya ƙara mata abinci, amma sai in haske ya wadata, kuma yana zuwa tare da zafi, yana cutar da halittun da ke taimakonta. Don haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa ƙarin iskar kabon zai cece ta.

Rage tsami da zafin teku aiki ne na duniya baki ɗaya, mai cin dogon lokaci. Tace ruwan kwata, da auna takin da ake zubawa a gona, da hana zaizayar ƙasa, da tsara inda jirage ke jefa anga, duk suna hannun hukumomi da al'ummar kowane yanki, har da na nesa da teku waɗanda kogunansu ke zuba cikinsa. Makiyayar da ke cikin ruwa mai tsabta ta fi iya tsallake shekarar zafi, domin tana shigarta da cikakken rumbu. A wannan fage ma rigakafi ya fi magani, tun da abin da ya mutu cikin damina ɗaya yana iya cin shekarun mutum guda bai dawo ba.